Lallen Goshin Gurguwa

Wana, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya sayar da zomanyar da matata ta mutu ta bari, kuma kafin ya sayar sai da ya sa aska ya aske lallen da ke goshinta. Abin da aka yi mini ke nan. Na manta fuskar malamin da ya kore ni daga lakwal, makarantar boko, bayan shekara biyu, na manta sunayen waɗanda muka fasa dutse tare a aikin hanya, amma wannan ba zan manta da shi ba har ranar da za a miƙe ni. Na san akwai mai cewa, a kan zomo? Eh, a kan zomo. Ku karanta tukuna, in kun gama kowa ya yanke abin da ya ga dama.

A shekarun nan ina da lambu a wani kwari gabas da Gure, ƙarƙashin dabinai. Albasa nake yi da rogo da ɗan wake, ina ban ruwa da jigo. Zomayen daji kuwa abokan gabana ne, ta ƙasan shinge suke kutsowa su aske mini yabanya, don haka ina ɗana tarko kamar kowa. Kada wani ya ɗauka ni mai tausayin dabba ne. Na ci naman zomo fiye da yadda zan iya tunawa, kuma ban taɓa jin ya tsaya mini a wuya ba.

Matata 'yar Manga ce, daga wajen Bune. Shekara shida muna tare, sau biyu tana haihuwa, sau biyu muna binnewa. Ba mai yawan magana ba ce. Wata safiya ta kawo mini kunu lambu, tana sauke ƙwarya sai muka ji ƙara daga wajen shinge. Wanda bai taɓa jin kukan zomo a tarko ba, to kamar na jariri yake, babu bambanci. Kafin in ajiye guga ta riga ni isa. Na tarar da ita durƙushe, ta rufe wa 'yar zomanyar ido da gefen zanenta, ƙafar baya ta karye tana lilo.

Ta ce, "Malam, bar mini ita."

Na ce, "In bar miki ki yi me da ita? Miya ce ta kawo kanta har gida."

Ta ce, "Yau sai mu yi haƙuri da busasshiyar kuɓewa."

Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ga yadda ta riƙe ta a ƙirji. Na san wannan riƙon, sau biyu na taɓa ganinsa. Na kwance igiyar.

Ta fere 'yan itatuwa biyu daga reshen dabino, ta yagi bakin zanenta, ta yi mata ɗori irin wanda makiyaya ke yi wa ɗan akuya. Ta kife ta da kwando a inuwa, tana ba ta ganyen wake da ruwa a sakaina. Ni dai ina jiran ta mutu in ce ai na faɗa. Ba ta mutu ba. Ƙafar ta warke a karkace, shi ya sa muke ce mata Gurguwa. Da aka ɗaga kwando ta tafi abinta daji, na ce to, an yi asarar miya an yi asarar zane. Kwana biyu, da la'asar sakaliya, sai ga ta gindin jigo tana motsa hanci. Matata ta yi wani ɗan ƙyas-ƙyas da harshe, ta yi mata magana da Manganci, sai dabbar nan ta ɗingiso har ta ɗora ƙafafun gaba a gwiwarta.

A wajenmu, dabbar da aka sa wa lalle tana da mai ita. Ko a tsakiyar daji mafarauci ya ga jan lalle a goshin barewa ko na rago, zai sauke sandarsa ya kira karensa. Mai saye ma ba ya saye sai ya tambayi ta gidan wa ce. Ba sarki ne ya kafa wannan ba, ba kumandan Bature ba, haka muka tashi muka tarar. Saboda haka duk ranar da matata ta yi ƙunshi, sai ta rage ɗan lalle a bakin ƙoƙo ta dangwala wa Gurguwa a goshi da babban yatsa.

In ce, "Amarya ta sha ado, saura kwalli da turare."

Ta ce, "Kai dai haushi kake ji ba a ƙunsa maka ba. Miƙo gemun."

A nan nake jin dariyarta. In ba a nan ba, sai in yi kwana bakwai ban ji ba. Na kwashe tarkunana na rataye, na ƙara wa shinge ƙaya. Waken da Gurguwa ta ci mini kuwa, Allah ya sani na yafe.

Bayan damina ta uku zazzaɓi ya kama matata. Kwana tara ta yi. Ana jibi za ta kwanta ta yi ƙunshi, ta dangwala wa Gurguwa nata kamar kullum. Matan da suka yi mata wanka sun ce lallen na nan jawur a tafinta. Da shi aka binne ta. Ragowar wannan lallen, na ƙoƙo ɗaya, na yatsa ɗaya, shi ne ke yawo a lambuna da ƙafa uku da rabi.

Ranar da aka share makoki na koma lambu. La'asar na yi sai ga ta gindin jigo, tana kallon hanyar da matata ke gangarowa. Na gwada ƙyas-ƙyas ɗin nan, harshena ya ƙi. Ta dube ni ta kau da kai. Sai da na yi kwanaki ina koyo ni kaɗai kamar mahaukaci kafin ta yarda ta ci ganye a hannuna. Daga nan kullum sai mu zauna, ni da ita, ba mai ce wa wani komai. Ina ganin lallen yana dusashewa kaɗan-kaɗan, daga ja ya koma ruwan goro. An ce in sa wata ta ƙara mata. Na ƙi. In an ƙara, ai ba nata ba ne kuma. So nake ya ƙare da kansa, a gabana, ina kallo.

Ko wannan ba a bar mini ba. Wata biyu da rasuwar aka zo ɗibar mutane aikin hanyar mota, sunana ya faɗa ciki. Ba a cewa a'a. Na je wurin wana na ce, "Yaya, ga lambu, ga Gurguwa. Albasa in ta bushe ta bushe. Wannan dai amana ce, ka sa mata ido."

Ya yi dariya ya ce, "Je ka abinka, ƙane. Ba abin da zai taɓa gimbiyarka."

Kwana ashirin na yi ina ɗaukar dutse a ka. Ranar da aka sallame mu ko gida ban biya ba, lambu na wuce. Na zauna gindin jigo na yi ƙyas-ƙyas har rana ta faɗi. Shiru. Wana ya ce dila ne ya ɗauke ta, ya ce da idonsa ya ga sawu. Ni kuwa na san sawun Gurguwa, uku a sarari ɗaya a jaye. Kwana uku ina zagaya kwarin nan da tudun da ke kewaye da shi. Babu jini, babu gashi, babu sawun dila.

A rana ta huɗu matar wana ta kawo mini tuwo. Ita da ni wasa muke, ba ta taɓa ganina ba ta ce "mijina raggo" ba. Ranar ba ta ce ba. Ta ajiye akushi, ta tsuguna nesa, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wani ɗan tsumma a ƙulle. Na buɗe. Gashi ne, ɗan kaɗan, bai cika tafin jariri ba, ruwan goro.

Ta ce, "Ni na share tsakar gida ranar. Na kasa zubarwa. Don Allah kar ka ce ni na faɗa, ko da yake in ka faɗa ma ba komai, na gaji da riƙe shi."

Ashe ina can wani mutum ya zo daga Damagaram ya kafa rumfa a gefen kasuwa, yana tara ƙananan namun daji yana kai wa Turawa su ajiye a gida don sha'awa. 'Ya'yan barewa, 'yan tsakin jimina, zomaye. Na daji kuwa ba sa jure akurki, sai su yi ta buga kai har su mutu, don haka ya baza magana yana neman zomon da ya saba da hannu, wata madam, matar wani Bature, ce ke so. Wana ya ja Gurguwa da ganyen wake ya kife ta da kwandon nan, kwandon matata. Da mai rumfar ya ga lalle ya ƙi karɓa. Shi baƙo, ɗan kasuwa, ya ji nauyin al'ada. Wana bai ji ba. Ya koma gida ya jiƙa mata goshi ya sa aska.

Ranar kasuwa na je. Tun daga nesa wari ya tare ni. Akurkai ne a jere cikin rana, sakainar ruwa ta kife, ɗan barewa ɗaya ya kwanta ƙudaje na bin idonsa. Na tambayi gurguwar zomanya mai askakken goshi.

Ya ce, "Af, mai hankalin nan? Ta bi ayari tun kasuwar da ta wuce. Da ka zo da wuri, malam."

Na leƙa akurkin ƙarshe. 'Yan zomaye ne ƙanana, sun cure a lungu, kunnuwa a kwance. Na ce, "Ina uwayensu?"

Ya ce, "Uwaye kuma? Suna cikin tukwanen mafarauta. Wa zai sayi tsohuwa?"

A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Zuciyata ta karye, na kwance lalitata na sayi biyu, wai ina ceto, wai abin da matata za ta yi ke nan. Ɗaya ya mutu a cikin rigata kafin in kai lambu. Ɗayan na yi jinyarsa na sake shi. Na ji kamar na yi abin kirki. Kasuwa ta zagayo na koma ko an ji labarin ayari. Akurkin da na rage wa biyu ya cika har ba wurin juyawa, ga wani sabo a gefensa. Mutumin na ganina ya washe baki.

Ya ce, "Ga mai zomaye! Na gaya wa mafarauta an samu mai saye a nan gida, ba sai an kai Damagaram ba. Dubi abin da suka kawo maka. Zaɓi!"

Suka kawo mini. Ni. Kowane ɗaya a cikinsu da uwar da aka kashe saboda na tausaya wa biyu. Matata daga tarko ta cire tata, bayanta kuwa tarkuna suka ragu a kwarin nan. Ni daga akurki na fanso nawa, bayana aka ƙara ɗana wasu. Na juya ban sayi ko ɗaya ba, ina jin ƙafafunsu na karce itace har na fita kasuwa. Wannan juyawar ta fi mini ɗaukar dutse wuya.

Na yi tunanin bin ayarin. Amma wa zai bar mai lambu ya leƙa gidan Bature ya ce zomanya yake nema? Ban san inda ta ƙare ba. Har yanzu in la'asar ta yi sakaliya nakan tuna ta a wani akurki can, tana kallon ƙofa, ana yi mata magana da yaren da ba ta sani ba, ba mai yi mata ƙyas-ƙyas. Wani lokaci sai in ji harshena ya yi da kansa.

Bari in faɗi ƙarshe tun yanzu. Wana ya rasu da daɗewa, na yi masa salla, na ɗauki makararsa. Tsumman nan na sa baduku ya ɗinke mini shi cikin fata kamar laya, yana wuyana ina wannan rubutu. Amma tsakanina da shi gaisuwa ce kawai ta rage tun daga yammacin da ya gangaro lambu da sabon rawani a kansa da kwando a hannu.

Ya ajiye ya buɗe. Zomo ne fari fat mai jajayen idanu, irin na Turawa, daga rumfar mutumin nan.

Ya ce, "Ƙane, ga wannan. Ƙafa huɗu lafiya, ba gurguwa ba, ya fi waccan tsada nesa. Kuma don kai na yi abin da na yi. Gari duk ana cewa ka taɓu, kana hira da dabba. Karɓi, magana ta wuce."

Tunda aka haife ni ban taɓa kallon tsakiyar idon wana ba. Ranar na kalla.

Na ce, "Yaya, ajiye shi, zan ba shi ruwa da ganye, shi ba shi da laifi. Amma ka sani gurbin da ya bari a akurkin can, gobe za a cike shi da ɗan wata uwar, kuma kai ka biya a kashe ta, kamar yadda ni ma na biya. Gurguwa ba saye aka yi ba. Tsinta aka yi tana kuka, aka yaga zane aka ɗaure ta. Da yunwa ce ta sa ka yanka ta ka ci, da na yafe maka kafin ka wanke hannu. Amma ka ga lalle. Baƙo ya gani ya ja da baya, kai ka je ka wasa aska. Yatsan da ya dangwala shi yana ƙarƙashin ƙasa, Yaya, kai ka taya ni zuba masa ƙasar. Wata ɗaya ya rage ya goge da kansa, wata ɗaya kawai na roƙi duniya, ka hana ni. In akwai rumfar da ake sayar da wannan, je ka sayo mini. In babu, ɗauki kwandonka ka hau tudu. A'a, bar kwandon. Nata ne."