Bulalar Na Ɗaya

Me ya sa malamin nan bai riƙe bulalarsa da hannunsa ba? Na tsufa, na yi takaba, har yau ban samu amsa ba. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke rubutawa, ina faɗa ina share hawaye.

Daminar da kogin Kwara ya cinye shinkafar garinmu Geza, ina yarinya mai tallan gyaɗa, na leƙa tagar aji na ga ɗan kawuna, wanda daga baya ya zama maigidana, tsaye da tsumagiyar tsamiya. Al'adar makarantar ke nan: wanda ya ci lissafi shi ke zane waɗanda suka faɗi, kuma kullum shi ke ci. Ranar, Bawa ne kwance bisa benci, abokinsa da suke kamun kifi da ɗana tarkon kurciya tare, jini na tsattsafowa ta wandonsa. Malamin yana cewa, "Ƙara mishi, kai ne gwamnan gobe." A gida ma an ɗauke masa noma da kiwo, mu muna korar tsuntsaye a fadama, shi yana inuwa da littafi. Yara suka daina kiransa wasan langa.

Ya wuce manyan makarantu, ya dawo da takardu masu kyau. Waɗanda ya zane kuwa tuni sun bar aji, sun bi kwalekwale zuwa kasuwannin ƙasar Benin, sun iya yaren Dendi, sun san mutane. Duk wurin da ya je neman aiki a Bagudo, sai ya tarar da mai tabon bulalarsa zaune a kan kujerar. Bawa ya zama babba a siyasa. Da maigidana ya je wurinsa neman aiki, ya bar shi tsaye a rana har la'asar, sannan ya ce a gaban jama'a, "Gwamna, ina bulalar?" Aka yi ta dariya. Maigidana ya ƙare yana rubuta lamba jikin buhunan mutane a bakin iyaka, har idonsa ya mutu.

Yanzu jikokina sun ce ba a ba yaro bulala ya doki ɗan'uwansa. Na yi murna, amma mu an makara.

Ranar da maigidana zai cika ya kama hannuna ya ce, "Jumma, in Bawa ya zo gaisuwa ki gaya mishi, duk ran da na sassauta hannu, ni malam ke duka."