Ba-Sulhu, Attaruhun Surukina

Shekara bakwai ke nan da rasuwar surukina, Malam Ɗanlami na Lajawa, wanda ya yi suna a kasuwar Wudil saboda wani attaruhu da shi kaɗai ke nomawa. Wani direban babbar mota ne ya kawo masa irin daga kudu. 'Ya'yan ƙanana ne, jajaye, duk a yamutse. Ya raɗa masa suna Ba-Sulhu. Awakin da ba sa raga wa gonar kowa, tasa kewaye ta suke yi.

Ranar da na fara zuwa gaishe shi kan maganar 'yarsa Hajara, ya sa aka kawo dambu zaure, ya barbaɗa yajin da hannunsa. Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi.

"Malam Habibu, a gidan nan ba a jin kunyar abinci. Bisimilla."

Loma ɗaya na kai, kunnuwana suka toshe. Ga randa kusa da ni, amma ina tsoron in miƙa hannu a ce rago ne, a hana ni Hajara. Shi kuwa sai ya sake ɗauko gaisuwa daga farko: ina gajiya, ina mutan gida, yaya damina. Ina amsa "lafiya lau", gumi na ɗiga cikin kwano. Da ya gaji don kansa ya ce, "Wanda ya riga ka zuwa ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba. Turo magabatanka."

Yau ƙannen Hajara ke noman Ba-Sulhu. Ita kuma ta markaɗa shi da tafarnuwa da man gyaɗa, ta ɗura a kwalabe, ana aikawa har Legas. Samari na lasa suna birgima, abokansu na ɗaukarsu a waya. Da Baba zai ga wannan, na san cewa zai yi, "Mu da ɓoye wahalarmu muke yi, ku kuma tallarta kuke?" Sannan ya ƙara musu cokali.

Bai bar gidan bene ko garken shanu ba. Irin nan ya bari, da labarin da duk wanda ya ci a zaurensa yake bayarwa yana dariya.

Jiya na tarar da Hajara a gindin turmi, hawaye na zuba. Na ce, "Yajin ne?"

Ta ce, "Ai ban ma zuba shi ba tukuna."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa.