Kafin Inji Ya Yi Zafi

Duk wanda ya daɗe a dillancin mota ya san ba a duba mota da rana. Kafin ka zo mai ita ya riga ya tayar da ita ta yi zafi, ya goge man da ya ɗiga a ƙasa. In kana son gaskiyarta, ka je da sassafe ba tare da ka yi waya ba, ka ɗora tafin hannunka a kan bonet. In ka ji sanyi, sannan ka ce a miƙo makulli. Tarin farko da hayaƙin farko ba sa ƙarya. Da wannan dabara na kafa filin motocina a Gyadi-Gyadi, kuma ban taɓa zaton zan yi wa ɗan Adam irin wannan dubawar ba.

Na haura arba'in kafin na zauna koyon Turanci. A aji huɗu na firamare na tsaya. Ina jin na ciniki, amma in saƙo ya zo daga masu turo mini motoci daga Ikko, ko takarda daga wani ofis, sai na nemi mai karanta mini, kuma wanda ya karanta maka takarda ya ga cikinka. Makanikena ne ya haɗa ni da wani tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, Bayarabe, Kirista, mazaunin Unguwar Gano tun tana da filaye. Kowa Baba Ticha yake ce masa. Matarsa ta rasu a nan Kano, a nan aka binne ta. 'Yarsa tilo tana aikin jinya a Badun. Shi kaɗai ne a gidan.

Litinin da Alhamis bayan la'asar muke zama a barandarsa, da ɗan allo jingine da bango. Yakan rubuta jimlar Turanci ya yanka ta da alli gunduwa-gunduwa kamar mahauci: ga mai aikin, ga aikin, ga abin da ya cika maganar. Bayanin kuwa da Hausa yake yi, Hausar da ta fi ta wasu 'yan birni.

"Alhaji, in na ce maka motar nan ta zama, na yi shiru, me za ka ce?"

"In ce ta zama me?"

"Yauwa. Abin da kake nema ɗin nan shi ne darasin yau. Akwai yankin da in ka cire, jimla tana tafiyarta, kamar rediyon mota. Akwai wanda in ka cire ta zauna, kamar taya."

"Baba, mota ba rediyo na sha saya."

"Ba taya fa?"

"Wannan kuma sai 'yan gwangwan."

Ya yi dariya har da tari. Haka muka shekara. Rubutun farko da ya sa na yi da Turanci a kan yadda nake duba mota ne. Ya cika shi da jan biro, amma ya ce dabarar bonet ɗin ta burge shi.

Wata Alhamis ya rubuta jimlar da muka gama ranar Litinin, ya yi mini tambayar motar nan da ta zama. Na ba shi amsar 'yan gwangwan, ya yi dariya kamar yau ya fara jin ta. Na ce a raina tsufa ne. Da aka yi na uku sai na daina kallon allon, na koma kallon malamin. Na lura kafin ya tambaye ni iyali sai ya leƙa wani ɗan littafi da ke aljihun rigarsa. Na ga ya ɗaure makullin gida da zare a wandonsa. Na ga ƙonanniyar tukunya baƙa ƙirin a ɓoye a bayan tankin ruwa, bayan sati na ga ta biyu. Amma darasi yana tafiya sumul, ko gargada babu, kuma a sana'ata abin da ya cika sumul shi ne abin tsoro.

Sai wani mai adaidaita sahu, maƙwabcinsa, ya tsayar da ni a bakin layi. Ya ce ya ɗauko Baba daga kasuwar Tarauni, Baba ya hana shi shiga layinsu, ya ce ba nan ba ne, suka yi ta zagaye har Daurawa. Wai cewa yake an canza titunan.

Ranar Laraba ƙarfe bakwai na safe na tsaya a ƙofarsa. A buɗe take. Na yi sallama sau uku, shiru, na shiga. Warin gas ne ya fara tarbata. Na wuce kicin na rufe tukunyar gas ɗin, na bubbuɗe tagogi. A lokacin na ga wasu takardu a manne. Kowace ƙofa da tata, da kyakkyawan rubutunsa na malamai: nan banɗaki, nan ɗakin kwana, kashe gas, ka sha magani, lambar 'yarka ga ta. Ashe kafin la'asar yake ciccire na falo.

Yana zaune a kujera, da farar shat da lakataya a sama, zanen barci a ƙasa, takalmi a ƙafa ɗaya. Ya dube ni ya yi Yarabanci. Da ban amsa ba ya juya Turanci, ya tambaye ni uban wane yaro ne ni, ya ce in jira, shugaban makaranta bai iso ba. Na fahimci kowace kalma, shi ya koya mini. Na ja kujera na jira.

Wajen ƙarfe tara hankalinsa ya fara dawowa. Ya dubi tagogin, ya dubi ƙafarsa, ya dube ni.

"Alhaji? Yau Alhamis ce?"

"Laraba ce, Baba."

Ya ce, "Bonet ka zo taɓawa."

Ban musa ba.

Ya ce 'yarsa za ta zo ranar Asabar da yamma, kwana biyu za ta yi. Yana so in zo Asabar da hantsi mu cire takardun, in yi masa bitar sunayen jikokinsa. Lahadi da Litinin kuma in zo da wuri in fita da shi a mota, in ce mata asibitin ido za mu, kada mu dawo sai rana ta ɗaga.

"In ta ga wannan, tafiya za ta yi da ni. Wa na sani a Badun? Shekarun da na yi a garin nan sun fi shekarunka na ciniki. Mamanta tana nan, na riga na nuna inda za a sa ni kusa da ita. Kwana biyu ne kawai, Alhaji. Kai ka san yadda ake yi."

Na ce, "Allah Ya kai mu." Ya ɗauke ta a matsayin na yarda, ni kuma na bar shi a haka. Da zan fita na ɗauki hoton takardar da ke da lambar.

Gaskiya ya faɗa, na san yadda ake yi. Ba zan yi wa kaina wankan tsarki ba: da ƙuruciya na sha ɗumama inji kafin mai saye ya zo, na sha zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya kwanta. Amma ban taɓa ɓoye birki ba, domin birki ba mai motar kaɗai yake kashewa ba. Bangon kicin ɗin Baba shi ne bangon ɗakin da 'ya'yan mai adaidaitan nan suke kwana. Na wuni a fili ina juya wannan, har wani mai saye ya yi fushi ya tafi ban ankara ba.

Da yamma na kira ta. Na gabatar da kaina, na ce, "Madam, ki sauya rana. Ki shigo Kano gobe, ki sauka a wani wuri, ki buga masa ƙofa Juma'a ƙarfe bakwai na safe. Kada ki gaya masa."

Ta ce da Hausar Kano tsantsa, "Alhaji, me ya sami Babana?"

"Ni ba likita ba ne. Ki zo ki gani da idonki."

Ranar Alhamis na je darasi kamar kullum. Ya yanka jimla, na kwafa. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Asabar fa." Ba sai ya leƙa littafin ba, wannan bai manta ba.

Juma'a ban je ba. Wajen ƙarfe goma 'yar ta kira ni. Ta ce da sunan mahaifiyarta ya kira ta, ya tambaye ta me ya sa ta daɗe a kasuwa.

Kwana biyar ta yi tana haɗa kaya. Na ba su babbar mota da direba, na ce kada ta yi mini maganar komai. Ita ta zaɓi su tashi da rana don ya yi sallama da mutane yana cikin hankalinsa, su kwana a hanya. Rabin layin ya fito. Yana gaba a zaune, an ɗaura masa bel. Na sunkuya ta taga na ce, "Baba, Allah Ya kiyaye hanya."

Ya dube ni sosai, dubawar wanda ya san komai. Ya ce, "Ɗalibina ya zama," sai ya yi shiru.

Ban sani ba ko maganar ce ta ɓace masa, ko jira yake in tambaya. Ban tambaya ba. Direba ya ja mota.

Yana Badun har yanzu. 'Yar takan turo mini saƙo da Turanci, ni nake karantawa da kaina, ba mai ganin cikina. A na ƙarshe ta ce yana cin abinci, ƙafarsa ta daina kumburi. Ta ce kullum da safe yakan sa takalmi ya zauna a bakin ƙofa, yana tambayarta ko Alhaji ya iso da motar.