Ranar da Na Yi wa Baturiya Tafinta

Lokacin da ake gina madatsar Bakolori ina koyarwa a wata firamare kusa da Maradun, inda aka zube mutanen da ruwa ya ci garuruwansu. Iska ta yaye rufin aji huɗu, damina kuma ta ƙarato. Hedimasta ya rubuta wa hukuma takarda a Talata Mafara har ya gaji, ko amsa babu.

Sai ga wata Baturiya, matar ɗaya daga cikin injiniyoyin aikin. Zaman gida ya ishe ta, ta ce za ta riƙa koya wa yaranmu Turanci kyauta. Hedimasta bai ga malama ba, kwanon rufi ya gani. Ya ce kalma ɗaya za ta yi wa mijinta, mu wayi gari da bandir biyu na kwano. Ya naɗa ni tafinta, ya ja mini kunne kada a ɓata mata rai. Kwana uku muna haddace wa yara tambayoyin ladabi, kamar masu shirin tarbar gwamna.

Ta iso da hular kaba da kyamara a wuya, tana yi wa kowa murmushi har da awaki. Muka zauna a gindin tsamiya. Da ta ce a yi tambaya, yaran suka watsar da haddar nan take. Ɗaya ya ce me ya ƙona mata hanci yake saɓa haka. Wata ta ce ko a garinsu babu yara ne, ta zo namu. Wani kuwa so yake ya ji laifin da ta yi aka hana ta albashi. Ni ina tsakiya ina wanke kowace tambaya kafin in miƙa. Na ce suna yaba hularta, suna son jin labarin ƙasarta. Ta dafa ƙirji, wai ba ta taɓa ganin yara masu tarbiyya haka ba. Ta yi tunanin ta san mu ke nan, a cikin rabin awa.

Sai wata yarinya da ta fi kowa ƙoƙari a ajina ta ɗaga hannu. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, tambaye ta. Ruwan ga da mijinta yak kawo, in ya ƙare aiki za shi tahi da abinai? Kabarin innata na ƙarƙashinai."

Hedimasta ya kafe ni da ido. Na dubi ajin da babu rufi. Na juya na ce wa Baturiya yarinyar tana tambaya ko ana ruwan sama a ƙasarsu.

Daɗi ya kama ta. Ta yi ta bayanin ƙanƙara, har da kaɗa yatsu tana nuna yadda take saukowa, ta kuma ɗauki hoton yarinyar. Na manta ni da kaina na koya wa ajin kalmar ruwan sama da Turanci.

Kwano ya zo kafin ruwan farko. Hedimasta ya yi ta baza labari har Bakura, wai dabararsa ce. Baturiya ta zo sau huɗu, zafi ya kore ta.

Har yau ina jin kunyar abin. Yarinyar ba ta kai ƙarata ba, ba ta yi kuka ba. Da aka tashi ran nan ta tsaya a gabana, ta ce, "Malam, ba shi nit tambaya ba."

Shekara biyu na ƙara koyar da ita. Ba ta sake ɗaga mini hannu ba.