Kwanson da Ya Shiga Niƙabin Yayata

Shekarata ashirin lokacin, da takardar sakandare kawai da baki mai kaifi. Na biyo yayata Alƙahira, ita tana karatun hadisi, muna zaune a unguwar Hay el-Sabi'. Zaman gida ya ishe ni, na sami aiki a wani kulob na masu wasan harbi, ina share kwanson harsashi, ina goge bindigogi a ƙarƙashin wani tsoho da muke ce wa Usta. Ni ba na iya jira, kowa ya sani.

Akwai bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Hayaƙin harbin ne ke tura ƙarfen cikinta baya, ya tofar da kwanso ta dama. Wani ɗan noti ke rage hayaƙin ko ya ƙara shi. In ya yi kaɗan kwanso ya maƙale, in ya yi yawa ya fito a haukace. Usta in zai taɓa notin nan sai ya kori kowa daga damansa, ya murɗa kaɗan, ya harba ɗaya, ya duba inda kwanson ya faɗi, sannan ya sake. Na sha ce masa wannan ai ɓata lokaci ne. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce gaggawata ta fi ta direban mikrobas, ƙaramar motar hayar garin.

Wata Alhamis na matsa wa Yaya ta zo ta ga aikina, don kullum tsokanata take wai shara nake yi. Usta ya tafi sallar La'asar, ya ce kada in taɓa wannan bindigar, kwansonta na maƙalewa. Yana fita na ɗauke ta, na buɗe notin gaba ɗaya a murɗa guda. Na ba Yaya tabarau na kariya, na ce yalla, wato maza, ta tsaya ta gani. Ta tsaya a damana. Ashe numfashinta ta cikin niƙabi ya sa tabarau ya yi hazo, ta cire shi tana gogewa. Ban waiwaya ba, na ja kunama.

Ƙarar da Yaya ta yi har yau ina jin ta. Kwanson ya shiga ta tsagar niƙabin, ƙyalle ya riƙe shi a kan idonta, ga shi da zafi kamar garwashi. Kafin in fizge niƙabin fata ta ƙone. A tasi, kan hanyar asibiti, tana ta tambayata ko jini ne take ji ko hawaye. Likita ya naɗe idon, ya ce sai bayan kwana uku zai san ko za ta gani. Kwana ukun nan ban iya haɗiye abinci ba. In na ga littattafanta a kan tebur sai in kau da kai. Umma ta kira daga gida, na ƙi ɗauka. Yaya ta karɓi wayar, ta ce mata mai ne ya fallatsa mata wurin suya.

Allah Ya taimaka, ƙwayar idon ta tsira. Amma fatar ta tattare, gashin idon bai sake fitowa ba, kuma karatu mai tsawo na sa ta hawaye. Usta bai yi min faɗa ba. Ya miƙo min kwanson, ya ce in tafi da shi, khalas, wato shi ke nan, kada in dawo.

Na gane a makare cewa sannu-sannun tsohon nan shi ne aikin. 'Yan'uwa, in kun ga gwani yana tafiyar hawainiya, ku tambaye shi dalili kafin ku raina shi, kuma kada ku taɓa makami don burge wani. Yaya ta ce ta yafe. Amma ta tsagar niƙabi idanunta kaɗai duniya ke gani, kuma kullum da safe ni ce farkon mai kallonsu.