Littattafan da Ba Sa Zuwa Shamaki

Shekarun baya, lokacin da aka hana ɗalibai shiga jami'a da jaka saboda tashin bama-bamai, na fara lura da shi a layin bincike na bakin get. Kowa ya rungumo littattafansa a ƙirji yadda masu gadi za su gani. Shi kuwa ya raba nasa kashi biyu, kowanne ya ɗaure da robar taya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, kuma ba ya yi wa kowa magana. A raina na ce, ga shi nan ya iso.

Sai in kun san yadda na taso za ku gane. Tun ina sakandare nake karanta littattafan soyayya, na aro na ɓoye a ƙarƙashin katifa. A duniyata ta lokacin, duk saurayin da ya cika shiru yana da ciwo a zuciya, kuma mace ɗaya ce tak ke da maganinsa.

Ashe ajinmu ɗaya, kwas ɗin da aka haɗa Turanci da Falsafa. Ni Turancin na nema, Falsafar ta biyo shi kamar gyara a kasuwa. Da safe a sa mu maimaita furucin kalmomi har muƙamuƙi ya gaji. Bayan azahar malamin Falsafa ya tsoma biro a kofin ruwa, ya tambaye mu ko biron ne ya lanƙwashe ko idonmu ne ya yi mana ƙarya. Mai hular nan a wannan darasin kaɗai bakinsa ke buɗewa. Sai ya yi ta tambaya har malamin ya duba agogo.

Hanyarmu ta komawa gida ɗaya ce. A shingen sojoji kowa yakan sauka daga acaɓa, mai babur ya tura, mu bi shi a ƙasa. Wani yammaci bayan mun wuce shingen, daidai kwanar da zan shiga unguwarmu Dawaki, ya miƙo mini ƙunshin hannunsa na hagu.

“Malama, don Allah ki ajiye mini wannan zuwa gobe.”

Na karɓa na haɗa da nawa. Washegari ya karɓa a bakin get, da yamma ya sake miƙowa. Haka muka yi ta yi fiye da shekara. Kullum sai na zazzage littattafan shafi-shafi ko ya sa mini wani abu a ciki. Ban taɓa samun komai ba sai layukan da ya ja da fensir. Na yanke hukuncin kunya ce ke damunsa, kuma hakan ya ƙara masa daraja a idona. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, domin a littattafan da na sani jaruma ba ta tambaya.

Muna aji uku wasu mata biyu suka yi sallama gidanmu, wai wucewa suke yi ƙishirwa ta kama su. Babbar cikinsu ta ce daga unguwar Shamaki suke. Na kawo ruwa, ta ƙare mini kallo daga ɗankwali har ƙafa, ta tambayi mahaifiyata asalinmu, da ko har yanzu muna da shanu a ruga. Da suka fita mahaifiyata ta dubi kofin, ko rabi ba a sha ba.

“Waɗannan ba ruwa ya kawo su ba. Wa kika sani a Shamaki?”

“Ɗan ajinmu ne kawai, Dada.”

“To ɗan ajin naku ya turo goggonsa.”

Wannan makon ban fahimci ko darasi ɗaya ba. Har kalar atamfofin lefe na gama zaɓa a kaina.

Shi ya same ni a gindin dogon yaro, bayan ajinmu.

“Goggona ta je gidanku.”

“Ta zo,” na ce, na sunkuyar da kai yadda ake yi.

“Ki yi haƙuri. Baba bai san ina karanta Falsafa ba. Turanci kawai na ce masa.”

Sai ya ba ni labarin. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, iyayensa daga ƙasar Kano suka zo. Akwai ɗan maƙwabcinsu da ya fara da yawan tambaya da gardama da manya, daga baya aka neme shi aka rasa, sai labari aka ji yana daji tare da masu tayar da bama-bamai. Tun ranar mahaifin mai hular ya rantse babu ɗansa da zai karanta abin da ke koya wa yaro ja-in-ja. Lokacin da ake barin shiga da jaka, littattafan Falsafa a can ƙasan jakar yake tura su. Da aka hana, komai ya fito fili, ga yayansa mai jin Turanci kullum a zaune a ƙofar gida. Shi ya sa ƙunshin dama ke zuwa Shamaki, na hagu ya kwana a Dawaki. Mutanen unguwa kuma suka kai labari cewa kullum yana raka wata yarinya yana ba ta abu a hannu.

“Yanzu me za ka ce musu?”

“In na yi shiru, magabata za su turo.”

“Sai ka yi shirun mana.” Da dariya na faɗa, amma ba wasa nake yi ba.

Ya gyara hularsa, ta ƙara karkacewa. “In aure ki don in ɓoye littattafai? Haba Malama. Ko malaminmu ba zai iya kare wannan ba.”

A ranar ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya. An ce tsohon ko murya bai ɗaga ba. Ya dai miƙa masa makullin shagon atamfa, ya ce gobe da safe ya buɗe. Saura shekara ɗaya ya gama. Bai ƙara dawowa aji ba, ƙunshin hagu kuma ya tsaya a wajena.

Na yi kuka yadda littattafai suka tanada, da na ji yunwa na tashi na ci tuwo. A jarrabawar ƙarshe aka tambaye mu ko ido abin dogara ne, na cika shafuka, na ci maki mai kyau. Har yau abin na ba ni dariya. Na zauna ina kallon biro a ruwa sau ba adadi, na iya bayaninsa da Turanci mai tsabta, amma ban taɓa tunanin in tambayi mutum ɗaya me ya sa yake ba ni kaya ba. Ba na jin haushinsa, ba na jin na kaina. Ni labari na rasa, shi kuma karatu.

Yanzu Turanci nake koyarwa a sakandare. Bara na shiga kasuwa neman atamfa, na ji an ce “Malama” daga cikin wani shago. Ya yi ƙiba, shagon ya zama nasa tun rasuwar mahaifinsa, hular dai tana nan a karkace. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara. Na ce masa littattafansa na nan, robar ce kawai ta tsinke, ko in aiko masa?

Ya gama naɗe turmin da ke hannunsa kafin ya amsa.

“Bar su tukuna. Babbar 'yata ta fara damun mutane da tambaya, jiya ma cewa ta yi wa ya gaya mana mafarki ba gaskiya ba ne. In ta ƙara girma zan turo ta ta karɓa.”

“In sa mata a jaka?”

“A'a,” ya ce. “Ta riƙo a hannu.”