Jerin Malam na Ƙarshe

Ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gaya mata in kuka ya tare ni ta jira ni, kada ta cike mini maganar da tata.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, dillalin dabbobi ne a ƙasar Maradi. Malam nake ce masa, haka kowa ke ce masa, don ya yi karatun allo mai zurfi. Muna da tsufanmu 'yarmu da mijinta suka kawo mu garin Greensboro, can ƙasar Turawa, suka kama mana gidan haya a kan titin Wendover, hawa na biyu, inda ƙarar mota ba ta yankewa. Suka ce mu huta. Malam bai iya hutu ba. Ya yi wata uku yana leƙen taga, sannan wani ɗan ƙasarmu ya samo masa aiki a filin besbol na garin: gyaran ƙasa, yayyafa ruwa, zana layi da farar hoda, jan tampol idan hadari ya taso.

Wasan nan har yau ban gama gane shi ba. Ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya doka da sanda, sauran su bi su cafke. Abin da Malam ya gane tun makon farko shi ne ƙungiyar garinmu ƙarama ce. Babbar tana can wani gari mai nisa, ita ke turo samari nan a yi kiwonsu. Wanda ya yi kyau a ɗaga shi gaba, wanda bai yi ba a sallame shi ya koma gidan ubansa. Ranar ya dawo fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun a gida.

"Hajiya," ya ce, "ashe turke ne. Wurin kiwon turke aka kai ni aiki."

Daga nan ya koma sana'arsa, sai dai babu saye babu sayarwa. Da hantsi yake isa filin, lokacin da babu 'yan kallo, yana jan manjagara yana duban samarin kamar yadda yake duban raguna ranar kasuwa. Ƙafa yake fara dubawa. Sannan ya dubi yadda yaro ke komawa mazauninsa bayan an fitar da shi, ko da sanda yake dukan ƙasa, ko kai yake sunkuyarwa, ko kuwa tsayawa yake ya kalli wanda ya fitar da shi don gobe. Bai riƙe sunayensu ba, bakinsa ba ya iya su. Da kama yake kiransu: mai ƙafar agwagwa, jan wuya, gajeren nan mai tsugunno, bahago.

Yana da abokai biyu a kan wannan abu. Akwai Alhaji, mutumin Kano, da ke aiki a wani babban kanti kusa da mu, shi a jarida da kwamfuta yake samo iliminsa. Akwai kuma wani Badamagare direban tasi, marar yawan magana, wanda aikinsa ya sha shayi ya raba gardama. Kowace shekara cikin watan Maris, kafin a buɗe wasa, sukan zo gidanmu wata Lahadi bayan azahar. Kowa ya zo da jerinsa na samari goma cikin waɗanda suka yi wasa bara, daga na ɗaya zuwa na goma, wa zai kai babbar ƙungiya, wa zai tsaya a hanya. Ba a sa komai a kai. Bakin magana kawai ake nema. Ni ina kicin ina soya masa, ina jin su.

"Malam, dogon bahagon nan fa ƙwallonsa ba a ganinta in ya jefa. An auna, an rubuta."

"Wa ya auna? Alhaji, ka taɓa sayen rago a jarida?"

"To mutum rago ne?"

"Rago ya fi shi gaskiya, ba ya ɓoye ɗingishi. Ka dubi yadda yake sa riga bayan wasa. Da hannun dama yake taimakon na hagu. Hannun nan na aro ne, mai shi zai zo ya karɓa."

"Kai dai ka tsani dogaye ne saboda Allah bai ba ka ba."

Badamagaren ya kurɓi shayi ya ce a bar wa shekara ta yi hukunci. Shekara kuwa takan yi. Wani lokaci Alhaji ya ci, sau da yawa Malam. In Malam ya ci, sai ya yi mako yana tambayata ko na ga Alhaji a kanti, ko ya rame.

A shekarar da ta zama ta ƙarshe, numfashi ya fara yi wa Malam nauyi tun ana tsakiyar wasanni. Bai fasa zuwa fili ba har aka rufe a watan Satumba. Bayan nan ya zauna gida, kullum da safe yana kan dardumarsa da takardu, yana rubutu da ajami. Da shi yake rubuta komai, bai taɓa koyon boko ba. Wata safiya ya ajiye alƙalami ya kira ni.

"Na gama jerin bana. Na canza na ɗaya."

"Gajeren mai tsugunno ka sauke?" na ce, don shi Malam ya fi yabo duk shekarar.

"Ba zan gaya miki ba. Ke da matar Alhaji ba ku da ƙofa a tsakaninku." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Yana cikin akwati. In Maris ya zo ba na nan, ki ba su. Kada ki ba su kafin nan, Alhaji zai kwafa."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce to ya daina. Mako uku bayan haka ya rasu a asibiti, da la'asar, ina riƙe da ƙafarsa. Ƙafar ta yi sanyi a hannuna kafin in yarda.

Na yi takaba a gidan nan na Wendover. Wata huɗu da kwana goma ina jin motoci, ina jiran ƙarar makullinsa a ƙofa duk da na san ba za ta zo ba. An shirya ina fita takaba zan koma wurin 'yata a Pleasant Garden, can bayan gari. Da kwanakin suka matso muka fara haɗa kaya, muka zo kan akwatin. Cike yake da takardu, tun waɗanda ya taho da su daga gida: addu'o'i, wuridi, laƙani, wasu sun yi ja, wasu sun fara marmashewa. 'Yata ta ce gidanta akwai ƙananan yara, za su yaga, za su taka, ga sunan Allah a jiki. Mu a wurinmu takarda mai sunan Allah ba a jefa ta a shara. In ta tsufa ƙona ta ake yi a wuri mai tsarki, a binne tokar. Muka yarda a ajiye Alƙur'aninsa da littattafai masu bango, warwatsattsun takardun kuma a ƙona.

Surukina ya ce bari ya kai akwatin wurin limamin masallacinmu ya tantance tukuna. Na ƙi. Kunya ce ta hana ni. Malam mutum ne da ake ba jan salla in liman ba ya nan, ban so liman ya buɗe akwatinsa ya tarar da mai ƙafar agwagwa da jan wuya kwance cikin addu'o'i. 'Yata boko kawai ta sani. Alhaji ya iya ajami, amma shi ne aka ce kada ya gani kafin lokaci. Na ce ni zan ware da hannuna.

Harafi ɗaya ban sani ba, amma na san kamannin Bismillah. Na gan ta a kan allo tun ina yarinya, tana jikin bangon ɗakinmu, na san doguwar jan nan da ke tsakiyarta. Na ce a raina duk takardar da ta fara da ita ta ibada ce, wadda babu ita ta duniya ce, jerin wasa kuwa ai ba zai wuce cikin na duniya ba. Na yi alwala na zauna. Kwana biyu ina warewa, ina shafa kowace, ina jin ƙanshin turarensa. Masu Bismillah suka yi tuli. Marasa ita ba su fi cikin tafin hannu biyu ba. Na ɗaure su da zare na sa a jakata.

Ranar da na koma Pleasant Garden, surukina ya wanke wani kaskon ƙarfe ya kai filin da ke bayan gidan. Filin gidan babba ne, babu mai ganin hayaƙinka. Ni na riƙa miƙa masa takardun da hannun dama, kaɗan kaɗan, yana sawa a wuta, ina yi wa Malam addu'a. Muka binne tokar a gindin wata bishiya inda ba a bi. Na kwana da sanyin zuciya, ina ganin na yi masa abin da ya dace.

Lahadi ta biyu bayan haka, cikin watan Maris, Alhaji da Badamagaren suka zo. Sun ɓata hanya sau biyu kafin su gane gidan. Na soya masa kamar da. Bayan gaisuwa da addu'a na gaya musu saƙon Malam, har da cewa ya canza na ɗaya, na ɗauko ƙullin na miƙa wa Alhaji.

"Allah Ya jiƙan Malam," ya ce yana kwance zaren. "Ko daga can sai ya kayar da ni."

Ya sa tabarau ya ɗauki ta farko. "Wannan lokutan motar haya ne." Ya ɗauki ta biyu. "Shinkafa, man gyaɗa, albasa." Ta uku girman takalman jikoki ne. Wata kuma lokutan shan maganin hawan jinina, safe da yamma. Ya bi su duka, ya sake bi, yana juya bayansu.

"Hajiya, babu shi a nan. Sauran takardun fa?"

"Sauran na ibada ne. Duk da Bismillah suka fara. Mun ƙona su."

Ya cire tabarau. Badamagaren ya ajiye kofinsa.

"Hajiya," in ji Alhaji a hankali, "ai jerin ma da ita yake farawa. Kowace shekara. Da ita yake buɗe karantawa."

Na sani. Na sha jin ta daga kicin. Na ɗauka faɗa yake kawai da baki, kamar yadda ake faɗa kafin a sa hannu a abinci. Ban taɓa kawo wa raina cewa tana kan takardar ba. Guntayen da na ajiye na aljihu ne, irin wanda yake rubutawa a tsaye. Duk abin da ya zauna ya rubuta da natsuwa, da sunan Allah yake buɗe shi. Da hannuna na miƙa jerin cikin wuta, har ina cewa amin.

Na yi kuka a gabansu, abin da ban yi ba ko ranar zaman makoki. Alhaji ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ba komai ba ne. Wasa ne."

Don ya lallashe ni ya faɗa, na sani. Amma saƙon da Malam ya bar mini a duniya ke nan, bai bar wani ba.

Badamagaren ya ce to mu haɗa abin da na tuna. Alhaji ya fito da takarda. Na tuna ya ce jan wuya ya sauka ƙasa saboda ya fara ƙiba a cinya. Na tuna mai ƙafar agwagwa yana tsakiya, ko na biyar ko na shida. Akwai wani da ya yaba sau ɗaya don ba ya taka layin da aka zana sabo, amma ban san wanne ba ne, su ma ba su sani ba. Sai aka zo kan na ɗaya.

"In ya canza," in ji Alhaji, "to bahagon ya koma. Ya ga gaskiya a ƙarshe."

Na ce, "Ai ya ce hannunsa na aro ne."

"A da ne ya faɗa. Ke kika ce ya canza."

Na dubi Badamagaren ko zai raba kamar yadda ya saba. Ya ce shi tsakanin jeri biyu yake rabawa, yau kuwa ɗaya ne a gabansa. Alhaji ya rubuta bahagon a sama, ya ce wannan ne jerin Malam na bana. Na san ba shi ba ne. Har cikin ƙashina na sani, amma ba ni da abin da zan nuna.

Suka ci masa kaɗan, suka yi sallama tun kafin la'asar. Alhaji ya ninke takardar ya sa a aljihu ya tafi da ita. Maris na gaba matarsa ta kira ni ta gaishe ni, ta ce Alhaji na gaisuwa, aiki ya yi masa yawa. Ba su sake zuwa ba, ni kuma ban tambayi kowa abin da ya sami samarin nan goma ba.